Wai shi wane ne Granger ɗin nan da kowane firojet sai an ambaci sunansa?

Ɗan_Aji_Huɗu:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah ina da tambaya kuma kada a yi min dariya. Ina ajin ƙarshe a sashen tattalin arziki, firojet ɗina a kan yawan kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ne da hauhawar farashi a Najeriya tun daga 1981, alƙaluman na kwaso su daga littafin ƙididdiga na CBN. Na yi rigireshan ɗin farko, wato lissafin gano alaƙar abubuwan biyu, R² mai nuna yadda lissafin ya dace da alƙaluman ya haura 0.9, na buga na kai wa sufabaiza ina murna, ya ɗan leƙa kawai ya ce min wannan sakamakon bogi ne, je ka yi gwajin yunit rut, ka duba kowintigireshan, sannan ka yi gwajin Granger, ya miƙo min takardata ya ci gaba da makin jarrabawa. To ni a manhajar lissafi ta EViews na san inda ake dannawa, abokina ya nuna min, amma wallahi ban san me nake yi ba. Shi Granger ɗin mutum ne ko sunan wata dabara ce? In mutum ne me ya yi da har duk firojet ɗin da na buɗe a laburaren sashenmu sai na ga sunansa a babi na uku? Kuma ta yaya R² mai kyau haka zai zama bogi?

Malamin_Ƙididdiga:

Wa alaikumus salam ƙanena. Babu mai yi maka dariya, da yawan waɗanda suka riga ka fita ma sun danna maɓallin ne kawai ba su taɓa tambaya ba.

Mutum ne. Clive Granger sunansa, Baturen Birtaniya, an haife shi a Swansea cikin yankin Wales a 1934, ya rasu a San Diego ta Amurka a 2009. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba tattalin arziki ya karanta ba. Lissafi ya yi a Jami'ar Nottingham, ya gama a 1955, ya yi dakta a ƙididdiga a 1959, kuma tun yana ɗan shekara 21 aka ɗauke shi koyarwa a can. Wato daga waje ya shigo harkar, kuma ni ina ganin wannan ne ya taimake shi, domin bai zo da kunyar manyan fagen ba, abin da alƙaluma suka nuna shi yake faɗa. Bayan dakta ya tafi Princeton wajen Oskar Morgenstern, shi ne abokin aikin masanin lissafi von Neumann a nazarin dabarun wasa, can ya zauna kan alƙaluman da ke bin lokaci, irin naka ɗin nan na shekara bayan shekara, kuma a 1964 suka fitar da littafi shi da Michio Hatanaka a kan haka.

To bari in je kan abin da ya dame ka, maganar bogi. A 1974 shi da Paul Newbold sun yi wani gwaji mai sauƙi ƙwarai. Suka sa kwamfuta ta ƙirƙiro jerin lambobi guda biyu, kowanne yana tafiyarsa kara zube, lambar yau ita ce ta jiya a ƙara mata wani abu na kwatsam, kuma su da kansu suka haɗa lambobin don haka sun san babu wata alaƙa tsakaninsu ko ta sisin kwabo. Sai suka yi rigireshan na ɗaya a kan ɗaya, suka maimaita sau ɗari. Bisa ƙa'ida sau biyar cikin ɗari ya kamata gwajin ya yi kuskure ya ce akwai alaƙa. Amma sai ya riƙa cewa akwai alaƙa a wajen kashi uku cikin huɗu na gwaje-gwajen. Ka ga kenan in ka ɗauki abubuwa biyu da kowannensu ke hawa da lokaci ba ya dawowa inda ya baro, halin da gwajin yunit rut yake bincika kenan, rigireshan zai ba ka t mai girma, wato lambar da ke cewa akwai alaƙa, da R² mai ƙyalli ko da ba su san juna ba. Kuɗin da ke yawo a Najeriya hawa yake tun 1981, farashi ma hawa yake, yawan jama'a hawa yake, adadin motocin Kano hawa yake. Kowanne ka haɗa da kowanne zai yi maka kyau a takarda.

Sun ma ba da wata alama ta gane wa ido, koma ka duba takardar da ka buga: in R² ɗinka ya fi lambar Durbin-Watson, mai auna ko kurakuran lissafin suna bin juna, girma to ka yi zargi. Ina kyautata zaton abin da malaminka ya leƙa kenan ya miƙo maka, shi ya sa bai ɓata lokaci ba.

Ba su ne suka fara hango matsalar ba, don adalci. Udny Yule tun 1926 ya nuna kason auren da ake ɗaurawa a cocin Ingila da yawan mace-mace suna tafiya tare da alaƙa kusan 0.95, alhali dai dukkansu sauka suke yi da zamani. Amma masana tattalin arziki sun yi kunnen uwar shegu da maganar kusan shekara hamsin, sai da Granger da Newbold suka ajiye musu ita a gabansu da lambobi sannan hankali ya tashi, don a lokacin manyan samfuran hasashen tattalin arziki da yawa a kan irin wannan rigireshan ɗin aka gina su. Kuma ga wani abu da ya shafi taken firojet ɗinka kai tsaye: a 1980 David Hendry ya nuna cewa jimillar ruwan saman da aka tara a Birtaniya tana "bayyana" tashin farashi da kyau sosai, har ta fi yawan kuɗi dacewa a lissafin. Da gangan ya yi, don ya ja kunnen masu irin wannan aiki.

Hajiyar_Data:

Malam ya yi bayani Allah ya ƙara basira, amma ya tsaya a rabin labari, kada yaron ya tafi da tunanin cewa Granger rusau kawai ya yi.

Bayan 1974 mutane sai suka tsorata, kowa ya koma yana cire na bara daga na bana yana aiki da bambancin kawai, wato maimakon farashi sai canjin farashi. Wannan yana maganin bogin amma yana zubar da abu mai muhimmanci, don ka'idojin tattalin arziki yawanci magana suke kan dangantaka ta dogon lokaci, kamar abin da mutum yake samu da abin da yake kashewa, ba za su yi hannun riga har abada ba. In ka koma kan bambanci zalla ka jefar da wannan.

Granger da kansa ya ba da labarin yadda aka yi. Hendry ne ya ce masa abu ne mai yiwuwa jeri biyu kowanne yana yawonsa amma tazarar da ke tsakaninsu ta zauna daram. Shi kuma ya ce ba zai yiwu ba, ya tafi ya zauna don ya tabbatar a lissafi cewa Hendry ya yi kuskure, ƙarshe sai lissafin ya fito Hendry ne mai gaskiya. Daga nan kowintigireshan ta fito, ya fara rubuta ta a 1981, sannan a 1987 shi da Robert Engle suka fitar da babbar maƙalar a mujallar Econometrica, lokacin duk suna Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, shi ya koma can tun 1974.

Misalin da ake koyar da ita da shi, wani Michael Murray ne ya kawo a 1994: mashayiya ta fito daga mashaya tana tangaɗi, karenta ma yana yawonsa yana shinshine-shinshine. Ba za ka iya cewa ga inda kowannensu zai kasance nan da awa ɗaya ba. Amma tana kiransa yana yi mata haushi, in sun yi nisa kowa ya ɗan karkato, don haka in ka ga ɗaya to ɗayan yana kusa. Wannan karkatowar ita ce lambar gyaran kuskure da za ka gani a sakamakonka, ECM ɗin nan da ake cewa dole ta fito da alamar ragi. In ta fito -0.3 misali, ana nufin kusan kashi 30 cikin ɗari na tazarar da aka samu ana cike ta a shekara mai zuwa. In ta fito da alamar ƙari kuwa to tazarar ƙaruwa take, kada ka rubuta cewa akwai daidaito.

Abin da suka tabbatar a maƙalar shi ne in akwai kowintigireshan to dole akwai wannan gyaran, in akwai gyaran to akwai kowintigireshan. Kuma a kan WANNAN aka ba shi kyautar tunawa da Nobel ta tattalin arziki a 2003, ba a kan gwajin da ɗalibai suka fi saninsa da shi ba. Shi da Engle suka raba, amma shi Engle a kan wani aiki daban aka ba shi, ARCH, na 1982, mai auna yadda tangal-tangal ɗin kasuwa ke zuwa a jere, kwanakin tashin hankali suna bin juna na kwanciyar hankali ma haka. A 2005 Sarauniya ta ba Granger sarautar Sir, kuma a Nottingham akwai gini da sunansa.

Bahago:

Ni fa ku yi hakuri wannan duk surutun turawa ne. Mun yi shi mun gama mun karbi digiri, yau ina kasuwa ba wanda ya taba tambayata yunit rut. Kai yaro ka danna View, ka zabi Granger, ka sa lag 2, wato shekara biyu baya, in p, lambar da ake yanke hukunci da ita, ta yi kasa da 0.05 ka rubuta kudi ke haddasa tsadar kaya ka wuce wajen. In ba ta yi ba ka canza lag din har ta yi. Haka kowa yake yi.

Malamin_Ƙididdiga:

Bahago Allah ya shirye ka, ai ranar difens irinku muke jira. Tambaya ɗaya ce, me ya sa ka zaɓi lag 2, sai ka ga ɗalibi yana kallon silin. Ƙanena kada ka bi wannan shawarar, akwai ma'aunin Akaike da na Schwarz da ake zaɓar lag da su tun kafin ka ga p, ka zaɓa ka tsaya a kai ko sakamakon bai yi maka daɗi ba.

Tunda an taɓo gwajin, ga abin da yake cewa. A maƙalarsa ta 1969, ita ma a Econometrica, Granger ya ɗauko tunanin daga masanin lissafi Norbert Wiener. Tambayar ita ce: ina son in yi hasashen farashin baɗi, ina da tarihin farashi a hannuna. In na ƙara da tarihin yawan kuɗi, hasashen nawa ya ƙara kyau ko bai ƙara ba? In ya ƙara sai a ce kuɗi yana gaban farashi a ma'anar Granger. Iyakarta kenan, maganar wa ya riga wa ce da kuma wa ke ɗauke da labarin wa.

Ka duba kasuwar dabbobi. Duk shekara farashin rago yana tashi makonni kafin Babbar Sallah. In ka zuba wannan a kwamfuta za ta ce maka tashin farashin rago yana "haddasa" Sallah, don kullum shi yake rigaye. Alhali Sallar ce ke jan farashin tun kafin ta iso, saboda mutane sun san tana tafe. Tattalin arziki kuwa cike yake da wannan, 'yan kasuwa suna jin ƙishin-ƙishin za a karya darajar naira su ƙara kuɗin kaya tun yau. Sannan akwai matsala ta biyu, abu na uku da ba ka sa a lissafi ba yana iya zama shi ke jan duka biyun, ɗaya da wuri ɗaya a makare. A naka aikin farashin ɗanyen mai da canjin dala suna nan suna leƙe, in ka bar su a waje gwajin tsakanin abu biyu kawai zai iya yaudararka.

Christopher Sims ne ya sa gwajin ya yi tashe, a 1972 da ya gwada yawan kuɗi da kuɗin shiga na Amurka ya samu kuɗi ke gaba. Daga nan kowa ya bi sahu. Har wasu biyu, Thurman da Fisher, a 1988 suka ɗauki alƙaluman kaji da ƙwai na Amurka suka gwada don raha, ya fito ƙwai ne ya riga kaza. Shi kansa Granger a jawabinsa na karɓar kyautar ya amince cewa an rubuta maƙaloli na shirme da yawa da wannan gwaji nasa.

Dokta_Zariya:

Na daɗe ina karanta zaren nan ban sa baki ba, amma akwai inda nake son in ɗan saɓa wa malamai na sama, da girmamawa.

Ana yawan auna malami da yawan waɗanda suka ambaci aikinsa, kuma ta wannan ma'aunin Granger yana cikin na gaba-gaba a duk fagen, maƙalar 1969 da ta 1987 suna cikin waɗanda aka fi ambata a tarihin ikonometiriks, wato auna tattalin arziki da ƙididdiga. Amma ni a matsayina na wanda ke duba maƙaloli kafin a buga, wallahi kaso mai yawa na wannan ambaton ba ya nuna an karanta shi. Ana sa sunan ne kamar hatimi. Tsarin ɗaya ne kullum, gwajin yunit rut na Dickey-Fuller, sai na kowintigireshan na Johansen ko ARDL, sai Granger, sai shawara ga gwamnati a shafi na ƙarshe wadda an riga an rubuta ta tun kafin a buɗe kwamfuta. Mutumin da ya yi suna wajen cewa a yi hattara da alƙaluma, yau da sunansa ake rufe rashin hattarar. Don haka in za a yi maganar tasirinsa ni ba lissafin ambato zan duba ba.

Inda nake ganin tasirin gaske shi ne abubuwan da suka zama jiki har an manta daga ina suka fito. A 1969 ɗin dai, shi da John Bates sun nuna cewa in kana da hasashe biyu daga hanyoyi daban, haɗa su yakan fi kowannensu shi kaɗai, ko da ɗaya ya fi ɗaya rauni, muddin kurakuransu ba iri ɗaya ba ne. Da alƙaluman fasinjojin jirgin sama suka gwada. Yau bankunan ƙasa da masu hasashe iri-iri haka suke aiki, da wuya ka ji an ambaci sunansa a kai. Haka aikinsa da Roselyne Joyeux na 1980 kan jerin da ke da dogon tuni, wanda abin da ya faru da daɗewa yake dusashewa a hankali sosai, masu nazarin kasuwar hannun jari sun amfana da shi. Kuma gwajin nan da muke ta kuka da shi ya tsallaka wani fage gaba ɗaya, masu binciken ƙwaƙwalwa suna amfani da shi su gano wane ɓangare ne siginarsa ke rigayar na wani. Can ma ya fi zama daidai a wasu lokutan, don suna da dubban ma'aunai a cikin 'yan daƙiƙu, mu kuwa muna fama da shekara arba'in. A ƙarshen rayuwarsa har aikin sare dazukan Amazon na Burazil ya shiga, suka fitar da littafi a 2002.

Wannan maganar shekara arba'in ɗin ita ce nake son ɗalibin ya riƙe. Daga 1981 zuwa yau layi arba'in da ɗoriya ne kawai a hannunka, ka cire lag ka cire bambanci, me ya rage? Gwajin yunit rut ba shi da ƙarfi a ƙaramin samfuri irin wannan. Ƙari a kan haka a cikin shekarun nan akwai shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da ya sauya tsarin canji baki ɗaya, akwai hauhawar tsakiyar shekarun 1990 da ta haura kashi 70, akwai karayar tattalin arziki ta 2016, akwai sakin naira da cire tallafin mai a 2023. Pierre Perron ya nuna tun 1989 cewa karyewa guda ɗaya a tsakiyar jeri tana iya sa gwajin ya ce akwai yunit rut alhali babu. To kai kana da karyewa nawa? Ba cewa nake kada ka yi ba. Ka yi, amma ka zana hoton alƙaluman ka kalle su da idonka tukuna, ka sa alamar shekarun da tsari ya canza, kuma in da hali ka nemi na wata uku-uku maimakon na shekara, CBN suna da shi na kuɗi kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, suna fitar da farashi duk wata.

Hajiyar_Data:

Dokta ranka ya daɗe ban ƙi maganarka ba, amma ina ga ba laifin marigayin ba ne kuma ba laifin yaran ba ne kaɗai. Ana koyar da ikonometiriks a allo da alli, zango ɗaya, babu ɗakin kwamfuta mai aiki, sannan a ajin ƙarshe a ce wa yaro ya kawo kowintigireshan. Dole ya je shagon da ake yi masa a biya. Ni da zan ba da shawara, kowane malami ya sa ɗalibai su maimaita gwajin 1974 da hannunsu, a Excel ma yana yiwuwa, layi biyu na lambobin kwatsam ka tara su ka yi rigireshan, ka sake ka sake. Ranar da ka ga kwamfuta ta ba ka taurari uku, alamar wai akwai alaƙa mai ƙarfi, a kan lambobin da kai ka ƙirƙira da hannunka, ba sai an ƙara yi maka lakca ba.

Sannan ƙanena abu ɗaya da Malam bai faɗa ba. In ka bi hanyar Engle da Granger mai mataki biyu, wato ka yi rigireshan sannan ka gwada ragowar da rigireshan ɗin bai bayyana ba, kada ka yi amfani da teburin Dickey-Fuller na yau da kullum wajen yanke hukunci, ragowar ƙiyasi ce ba alƙaluman asali ba, tana da nata teburin, na MacKinnon ake dubawa. Kuma hanyar tana gano dangantaka ɗaya ce tak, in abubuwanka sun kai uku ko huɗu shi ya sa ake komawa ta Johansen ta 1988. In kuma wasu sun zauna daram wasu sai an cire bambanci, nan ne ARDL ta Pesaran da Shin da Smith ta 2001 take shigowa, ba don ita ce yayi ba.

Ɗan_Aji_Huɗu:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya da Dokta, har da Yaya Bahago. Na koma na duba takardar, Durbin-Watson ɗin 0.2 da wani abu ne, ga R² can sama, ashe abin a fili yake. Na gwada na Excel ɗin da Hajiya ta ce yanzun nan kafin a ɗauke wuta kuma gaskiya abin tsoro ne, yawanci sai ya ce akwai alaƙa.

Saura tambaya ɗaya don Allah. Na yi Dickey-Fuller, hauhawar farashi ta fito daram ba sai an cire bambanci ba, shi kuma yawan kuɗi sai da na cire sau ɗaya. Kenan Johansen ba tawa ba ce ARDL zan yi? Kuma canjin dala da Malam ya ce in saka, na gwamnati zan ɗauka ko na 'yan canji, tunda shekaru da yawa tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce?